Me ya sa pH na ruwan kifin ado yake faɗuwa alhali matatar ruwan tana aiki?

A shagunan masu sayar da kifin ado, da kuma tallace-tallacen intanet, za ka ga jakunkuna cike da ƙananan zobban tangaram, ko tsakuwa mai huji-huji, ko 'yan robobi yankakku. An rubuta a jikinsu cewa suna tsabtace ruwa, wasu ma har da alkawarin daidaita pH. Mai kiwo ya saya, ya cika matatarsa, ya saki jiki. Bayan 'yan watanni sai kifi su fara ƙin abinci, suna raɓewa a lungun tanki. Ya auna ruwa ya tarar pH ɗin da ya fara da 7.4 ya gangaro 6, ko ma ƙasa da haka. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne matatar ta gaza, ya kamata ya sayo wadda ta fi ta. Alhali matatar ta yi aikinta yadda ya kamata, kuma wannan aikin nata ne ya jawo faɗuwar.

Kafin a gane yadda haka take faruwa, sai an san abin da pH yake aunawa. Ma'auni ne na tsamin ruwa, wanda masanin sinadarai Søren Sørensen ya ƙirƙiro a shekarar 1909 a ɗakin binciken Carlsberg da ke ƙasar Denmak. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da ita ɓangaren tsami ne, sama da ita kuwa ɓangaren kanwa. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne tazarar da ke tsakanin lambobin ba ɗai-ɗai take tafiya ba, ninki goma-goma take yi. Ruwan da yake 6 ya ninka na 7 tsami sau goma, na 5 kuwa sau ɗari. Saboda haka idan aka ce pH ya sauka daga 7.5 zuwa 6.5 cikin dare ɗaya, a ido lamba ɗaya ce ta canza, amma a jikin kifi gagarumin sauyi ne.

Kifi yana fitar da mafi yawan dattin jikinsa a matsayin amoniya, ta gaɓar da yake numfashi da ita a gefen kansa. Ragowar abinci, da kashin kifi, da ganyen da ya ruɓe su ma amoniya suke komawa. A kogi ruwa yana tafiya da ita. A cikin akwatin gilashi babu inda za ta je, kuma guba ce. Abin da yake ceton kifi shi ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu cin amoniya su mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne don yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin. Wasu ƙwayoyin kuma su karɓi naitirait su mayar da shi naitiret, wanda kifi suke iya jure wa muddin bai taru da yawa ba. Tun 1890 Sergei Winogradsky ya ware irin waɗannan ƙwayoyi ya nuna aikinsu. An daɗe ana koyar da cewa Nitrosomonas da Nitrobacter ne suke wannan aiki a tankin kifi, har zuwa 1998 da Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka nuna cewa a tankunan ruwan daɗi Nitrospira ce ta fi riƙe mataki na biyu. A 2011 masu bincike a jami'ar Waterloo ta Kanada suka gano cewa a matatun tankuna da yawa, masu cin amoniyar ma ba bakteriya ba ne, wasu halittu ne daban da ake kira arkiya. A 2015 kuma aka gano wata irin Nitrospira mai yin matakan biyu ita kaɗai, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fara samunta matatar wani wurin kiwon kifi ce a Holan.

Duk waɗannan halittu, ko me sunansu, abu uku suke bukata: wurin maƙalewa, ruwa mai gudana da zai kawo musu abinci, da iskar oksijin. Ba sa son yawo a cikin ruwa, sun fi son manne wa jikin wani abu su yi yauƙi-yauƙi a kansa. Zobban tangaram da soso da tsakuwa da robobin nan duk amfaninsu ke nan, su zama mazauni. Su kansu ba sa tace komai. Kuma ƙwayoyin ba sa saurin hayayyafa, sukan ɗauki kusan yini guda kafin su ninka yawansu, shi ya sa sabuwar matata take bukatar mako huɗu zuwa shida kafin ta kankama.

Yanzu ga inda maganar pH ta shigo. Duk lokacin da ƙwayoyin nan suka mayar da amoniya naitiret, suna sakin tsami a cikin ruwa. Babu yadda za a yi a raba aikin da wannan sakamako, haka sinadarin yake. Injiniyoyin tace ruwa suna da lissafinsa: kowane miligiram ɗaya na naitirojin ɗin amoniya da aka sarrafa yana cin kusan miligiram 4.6 na oksijin, yana kuma cin kusan miligiram 7.1 na abin da yake tare tsami a cikin ruwa. Matatar da ta fi ƙarfi, a tankin da ya fi kifi, ita ce ta fi zuba tsami.

To me ya sa pH ba ya faɗuwa tun ranar farko? Saboda akwai narkakkun sinadaran kabonet da bayikabonet a cikin ruwa, waɗanda masu kiwon kifi suke aunawa da sunan KH. Duk wanda ya taɓa ganin an jefa ɗan kanwa a miyar da tsamin tumatir ya yi wa yawa ya san yadda abin yake: kanwar tana kashe tsamin, amma ita ma tana ƙarewa a garin kashe shi. Haka KH yake. Muddin akwai shi, tsamin da matata take zubawa yana mutuwa a kansa, pH ya tsaya cik kamar babu abin da yake faruwa. A ƙarƙashin wannan tsayuwar kuwa KH yana raguwa kullum. Ranar da ya ƙare, babu sauran abin da zai tare, sai pH ya rufto lokaci guda. Shi ya sa mai kiwo yakan ce jiya lafiya lau ruwan yake. Ba jiya abin ya fara ba, makonni ya yi yana tahowa, sai dai ba a wurin da yake dubawa ba.

Ana auna KH da digirin Jamus, kuma digiri ɗaya daidai yake da kusan miligiram 17.9 na kalsiyam kabonet a kowace lita. Akwai wani lissafi mai sauƙi da nake ganin ya kamata kowane mai tanki ya haddace. Amoniyar da kifi ya fitar tana ɗauke wani ɓangare na tsami tun shigarta ruwa, don haka idan aka haɗa tafiyar gaba ɗaya, daga abinci zuwa naitiret, asarar takan koma kusan rabin wancan adadi na injiniyoyi. A aikace, duk lokacin da naitiret ya ƙaru da kusan miligiram 22 a lita, KH ya ragu da kusan digiri ɗaya. Ɗauki tanki mai lita 100 da ake zuba wa giram 2 na abinci kullum, abincin kuma kashi 40 cikin ɗari furotin ne. Naitirojin ɗin da ke ciki ya kai miligiram 128. A ce kifi sun riƙe wani abu a jikinsu, miligiram 100 ya fita ruwa. Wannan zai ƙara naitiret da kusan miligiram 4.4 a lita kowace rana, wato digiri ɗaya na KH yana tafiya duk kwana biyar. Idan ruwan da aka fara da shi digiri uku ne, kuma babu tsirrai, ba a canza ruwa ba, cikin mako biyu da 'yan kwanaki an cinye shi tas.

Abin da yake biyo baya shi ne ya fi tayar min da hankali, don a nan ne mutum mai kyakkyawar niyya yake kashe kifinsa da hannunsa. Idan pH ya sauka ƙasa da 6.5, ƙwayoyin matata suna rage aiki, idan ya kusa 6 kuma aikin yakan yi rauni ƙwarai. Amoniya ta fara taruwa. Amma amoniya fuska biyu gare ta a cikin ruwa: akwai mai tsananin guba, akwai kuma mai sauƙi da ake kira amoniyam, kuma pH ne yake raba musu kaso. A ruwa mai zafin digiri 25, idan pH yana 7, mai gubar ba ta wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. A pH 8 ta haura kashi 5, a pH 9 kuwa ta fi kashi ɗaya bisa uku. Zafi ma yana ƙara mata kaso, abin lura ga mai tanki a Kano ko Sakkwato ko Maradi a watan Afrilu. Saboda haka a tsohon tankin da pH ɗinsa ya faɗi, amoniya tana nan jibge, amma tsamin ruwan ya ɗaure ta, kifi suna lallaɓawa. Sai mai kiwo ya auna, ya firgita, ya kwashe rabin ruwan ko fiye ya zuba sabo mai pH 8, ko ya antaya maganin ɗaga pH. Nan take amoniyar da ta rage ta juye zuwa mai guba, ga kuma girgizar sauyin pH ɗin kanta. Da safe ya tarar da gawarwaki. Tankin da ya kai wannan hali a hankali ake fito da shi: a rage abinci, a riƙa canza ruwa kaɗan-kaɗan, kamar kashi goma cikin ɗari kowace rana, ana auna amoniya, har abubuwa su dawo daidai.

Idan an fahimci wannan, zaɓen abin da za a zuba a matata ya zo da sauƙi, domin kayan iri biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa aikinsu ba.

Iri na farko su ne waɗanda ba sa narkewa, ba sa ƙara wa ruwa komai, ba sa rage masa komai. Soso mai manyan huji yana cikinsu, da zobban tangaram, da gasasshen gilashi irin su Siporax na kamfanin Sera ko Substrat Pro na Eheim, da tsakuwa mai huji irin Matrix na Seachem, da dutsen aman wuta. Akwai kuma robobin K1, waɗanda asalinsu daga fasahar tace ruwan ƙazanta ta birane suka fito, wadda aka ƙirƙiro a Norwe a ƙarshen shekarun 1980. Su ana barinsu ne suna yawo a cikin ruwa mai kumfar iska, suna gogar juna, tsohon yauƙi yana kakkaɓewa da kansa. Masu kiwon tarwada a tankunan da ake juya ruwa sun san su. Kamfanoni suna gasar faɗin yawan filin da ke cikin ƙananan hujojin kayansu, amma ni ban cika ba wa waɗannan alƙaluma nauyi ba. Hujin da ya yi ƙanƙanta ainun datti da yauƙi suna toshe shi, ruwa ya daina ratsawa, kuma filin da ruwa mai oksijin ba ya kaiwa ba shi da amfani ga waɗannan ƙwayoyi. Bugu da ƙari, yawan ƙwayoyin ya danganta ne da yawan abincinsu. Ko ka ninka zobba sau uku, amoniyar da kifinka suke fitarwa ita ce za ta yanke yawan da za su rayu. Soso mai araha da ruwa yake ratsawa sosai ya ishi yawancin tankunan gida. Idan ka auna amoniya da naitirait ka ga sifiri, matatarka ta wadatar, kuma babu wani zobe mai tsada da zai hana KH ƙarewa.

Wasu daga cikin waɗannan kaya ana tallarsu da cewa a can cikinsu akwai lungunan da oksijin ba ya shiga, inda wasu bakteriya suke mayar da naitiret iskar naitirojin ya fice. Wannan aiki gaskiya ne a ilimin sinadarai, kuma yana dawo da kusan rabin abin tare tsami da matakin farko ya ci. Sai dai yana bukatar ruwa mai tafiya a hankali ƙwarai da kuma abincin kabon, abubuwan da matatar gida mai saurin gudu ba ta cika samarwa ba. Kada mutum ya dogara da shi. Ma'aunin naitiret ne zai gaya maka ko yana faruwa a tankinka.

Iri na biyu su ne masu narkewa: dakakken murjani, da yashin aragonait, da ɓawon katantanwar teku, da dutsen farar ƙasa. Dukkansu kalsiyam kabonet ne. Waɗannan su ne kaɗai za a iya cewa da gaske suna riƙe pH, kuma kyawunsu shi ne suna aiki gwargwadon bukata. Idan ruwa ya yi tsami sai su narke da sauri su ƙara KH, idan pH ya hau ya doshi 8 sai narkewar ta ja baya. Ana zuba su a 'yar jakar raga a saka cikin matata inda ruwa yake bi. A fara da kaɗan, a jira mako guda, a auna KH, sannan a ƙara ko a rage. Ɓawon katantanwar da masu haɗa abincin kaji suke sayarwa ma yana yi, idan an wanke shi sosai. Su ma bakteriya suna zama a kansu, amma bai dace su zama su ne babban mazaunin ƙwayoyin ba, tunda suna ƙarewa kuma dole a riƙa sabunta su. Yauƙi idan ya lulluɓe su narkewarsu tana raguwa, don haka sai ana ɗauraye su. A tuna kuma suna ƙara wa ruwa kalsiyam, wato ruwan zai ƙara nauyi. Wanda yake shakkar wani dutse ko tsakuwa, ya ɗiga masa ruwan khal. Idan ya yi kumfa, mai narkewa ne kuma zai ɗaga pH.

Ko ka saka murjani ko kada ka saka, wannan ya rataya ne ga irin kifinka da irin ruwanka. Kifayen tafkin Malawi sun saba da ruwa mai pH kusan 8, na tafkin Tanganyika ma sama da haka, don haka su murjani alheri ne gare su. Gofi da moli da kifin zinare su ma sun fi jin daɗin ruwa mai ɗan nauyi. Amma kifayen da asalinsu kogin Rio Negro ne na yankin Amazon, kamar kadinal tetra, sun fito daga baƙin ruwa mai tsami wanda pH ɗinsa yakan sauka ƙasa da 5. Masu kiwon irin waɗannan da gangan suke saka busasshen itace ko ganye ko ƙasar fit, wato ruɓaɓɓun tsirran fadama, domin su sauko da pH, kuma su ba su da babban KH da za su jingina da shi. Abin da yake riƙe musu ruwa shi ne kifi kaɗan, tsirrai da yawa, da canjin ruwa a kan kari. Tsirrai suna shan amoniya kai tsaye, kuma abin da suka sha bai bi ta matata ba. Mafi yawan kifin da ake sayarwa a shaguna kuwa a gona aka haife su, suna jure pH daga 6.5 zuwa 8 ba matsala, in dai ba ya hawa da sauka. Shi ya sa ba na goyon bayan bin wata lamba da kwalaben ɗagawa da saukewa. Ka zuba maganin saukewa a ruwa mai KH da yawa, pH ya sauka yau ya koma gobe, kifi ne suke shan wahalar kai-komon.

Ruwan da kake zubawa kuwa sai ka san shi tukuna. Ruwan rijiyar burtsatse ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, gwargwadon dutsen da ya ratso. Sau da yawa yana fitowa ɗauke da iskar kabon dayoksaid, sai ka auna shi nan take ka ga pH ƙasa, bayan ya kwana a bokiti iskar ta fice lambar ta hau. Saboda haka a bar shi ya kwana kafin a auna. Ruwan sama kusan ba shi da KH ko kaɗan, haka ma ruwan da aka tace har ya rasa ma'adanansa, kuma tankin da aka cika da su zalla ba ya daɗewa pH ɗinsa yake faɗuwa. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, wanda yake kashe ƙwayoyin matata. Don haka ba a wanke soso ko zobba a bakin famfo. A ɗebi ruwan tankin a roba, a matse soson a ciki sau biyu ko uku, a mayar. Kuma ba a sauya kayan matata gaba ɗaya rana guda.

Idan ana bukatar ɗaga KH da sauri, bekin soda yana yi, wato sodiyam bayikabonet zalla, ba hodar tashin kek mai gauraye ba. Giram 3 a lita 100 yana ƙara kusan digiri ɗaya. A narkar da shi a kofi, a zuba a hankali, kada a wuce digiri ɗaya a rana. Kanwar kasuwa kam ban ba da shawararta ba, ko da yake 'yan gida ɗaya ne da bekin soda. Tana ɗauke da sodiyam kabonet mai harba pH sama da ƙarfi, ga gishiri da ƙasa, kuma ƙarfin wannan dunƙule ba ɗaya yake da na wancan ba.

Akwai wani motsin pH da bai shafi matata ba, kuma bai kamata ya firgita kowa ba. A tanki mai tsirrai, da rana suna shan kabon dayoksaid pH ya ɗan hau, da dare su da kifi suna fitar da ita ya ɗan sauka. KH bai taɓu ba a wannan. Maganinsa shi ne a riƙa aunawa a lokaci ɗaya kullum, a kuma bar saman ruwa yana motsi.

Sai matsalar ɗauke wuta, wadda littattafan Turai ba su cika damuwa da ita ba amma mu kullum muna tare da ita. Matata rufaffiya, irin wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin tanki, idan injinta ya tsaya, ƙwayoyin da ke ciki suna shanye ɗan oksijin ɗin da ya rage cikin sa'o'i kaɗan, dattin da ke ciki ya fara ruɓa. Wuta na dawowa sai injin ya tura wannan gurɓataccen ruwa cikin tanki. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a cire filogin, a buɗe matatar, a juye kayan cikinta a roba mai faɗi da ruwan tanki kaɗan yadda iska za ta same su, a zubar da ruwan da ya kwanta kafin a sake kunnawa. Wannan ne ya sa nake ganin matatar soso mai aiki da kumfar iska ta fi dacewa da mu. Tana zaune a cikin tankin, ruwa mai yawa yana kewaye da ita, kuma ƙaramin injin iska mai batir ko mai caji ya isa ya riƙe ta har wuta ta dawo. A irin waɗannan ranaku a daina ba kifi abinci, don lafiyayyen babban kifi yana iya kwana biyu bai ci ba, kuma duk ƙwayar abincin da ba a zuba ba amoniya ce da aka hana shiga ruwa.

Ga tankin gida na gauraye, KH daga digiri 4 zuwa sama ya isa ya ba da kwanciyar hankali. A auna shi tare da naitiret sau ɗaya a mako, kafin canjin ruwa. A canza kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ruwan kowane mako, domin shi kaɗai ne yake kwashe naitiret ya kuma dawo da KH a lokaci guda. Cike gurbin ruwan da zafi ko iskar hunturu ta busar ba canjin ruwa ba ne, tunda naitiret ba ya bin tururi. Idan duk da canjin ruwan KH yana sauka ƙasa da digiri 3 kafin mako ya zagayo, to ko kifin sun yi wa tankin yawa, ko abincin ya yi yawa, ko ruwan yankinka ba shi da nauyi, kuma a na ukun ne jakar murjani take da gurbi a cikin matata.